Hotunan Mutanen Rami

Bana azumi ya zo mana da sauƙi a Arlit. Da asuba har zane nake ƙarawa a kafaɗa, ƙishirwa kuma ba ta kama mutum sosai sai wajen la'asar. Wata maƙwabciyata da ta zo garin bara ta yi ta kukan zafi, na ce mata baiwar Allah ki rufa mana baki, ba ki ga komai ba tukuna. Sai a makon nan, bayan an sha Sallah an watse, bazara ta sauko da gaske. Jiya da hantsi ina zaune a shago kwanon rufi ya fara ƙara, bayan ordinatar, wato kwamfutar shagon, ya soma fitar da warin roba mai zafi, can kuma kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke. Ina zaune cikin shirun nan sai azumin shekarar da aka rufe ramin haƙar yuraniyom na Akokan ya dawo mini ɗanye, na kasa ko ɗaga mafici.

Mu asalinmu 'yan Damagaram ne, amma ni da wana Mutari a garin nan aka yanke mana cibiya. Babanmu direban kar ne, bas ɗin da ke kai ma'aikata rami, ya rasu tun ina makaranta, ya bar mu da Inna. Yaya Mutari ya shiga aikin rami, shi ke kula da manyan fankokin da ke tura iska ƙarƙashin ƙasa don mutane su samu numfashi. Mutum ne mai son kwance abu ya ga cikinsa, rediyon gidanmu ba ta taɓa yin wata guda a rufe ba. Shi ya buɗe ɗan shagon hoton nan kusa da kasuwa don ranakun hutunsa, ni kuma, Ramatu, nake zama a ciki kullum ina ɗaukar hoton kati da na biki.

Da aka rufe rami, garin ya zama kamar gidan da aka yi rasuwa. Abokan Yaya suka fara haɗa jaka, wasu kudu, mafi yawa kuma arewa, can dajin zinariya, inda mutum ke shiga rijiyar da babu fanka babu kowa. Sun zo gidanmu sun fi a ƙirga suna zuga shi, wai mai hannu irin nasa a can kamar sarki ne. Inna ba ta iya dogon zance ba. Ta dai ce masa ta ba ƙasa miji, ba ta son ta ba ta ɗa. Shi kuma ya yi mata alkawari a gabana: in shagon nan ya tsaya da ƙafafunsa zuwa Sallah, ba ya zuwa ko'ina. Tun daga ranar ni ban ƙara kallon shagon a matsayin wurin sana'a ba. Shi ne igiyar da ta ɗaure mana Yaya a gida, ita kaɗai muke da ita.

Azumi ya kama a tsakiyar bazara. Wallahi ban taɓa ganin zafi irin na shekarar ba. Tun kafin rana ta ɗago iska ta riga ta yi ɗumi, zuwa azahar kuwa ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa sai da tsumma. Ruwan famfo ba ya zuwa sai ya ga dama, in ya zo kuma duk unguwa a kansa, kowa da jarkarsa, bakin kowa a bushe, ko faɗan layi ba a iya yi da ƙarfi. Inna takan jiƙa zane ta lulluɓa, kafin ta idar da lazimi ya bushe ƙamas. Ƙanƙara ta zama abin nema da sanayya. Mai firiji ɗaya a layinmu sai ta fasa ƙulli guda ta raba wa gida uku, kowa ya samu abin da zai sanyaya kofin farko. Sahur ɗumamen tuwo ne ko fura, da yamma mata mu haɗu a tsakar gidanmu, wata na dakan gero, wata na tace tsamiya, ni ina kan kaskon ƙosai ina zage-zage a zuci saboda hayaƙi. Ba wanda yake da yawa, amma kwano ba ya fita gidanmu ya dawo wayam.

A cikin wannan hali ne aiki ya zo mana ta inda ba mu zata ba. Ashe mutanen rami, waɗansunsu sun yi rabin rayuwarsu a ƙasa, ba su da hoto ko ɗaya na aikinsu, don ba a shiga da kyamara. Wanda ya fara zuwa Baba Garba ne, shugaban ekip ɗin su Yaya, wato rukunin aikinsu, wani dogon mutumin Tawa mai baƙin tabon sallah. Ya ce jikokinsa a ƙauye in ya ce musu ya yi aiki a cikin ƙasa dariya suke yi, yana son ya koma da abin nunawa. Yaya ya ɗauko tsohon kaskinsa, hular kwanon aiki mai fitila, da ya tsage a gefe, wanda kamfani bai karɓa ba, ya sa wani mai fenti ya zana bakin rami a jikin zane, muka rataya a bango. Kafin mako ya zagayo layi ya kai bakin titi. Kaski ɗaya ne yake yawo daga kai zuwa kai, ina goge zufar wani da tsumma ina miƙa wa wani. Bayan hoton mutum ɗaya, sai kowace ekip ta tsaya tare, Bahaushe da Buzu da Bazabarme da Bafillace kafaɗa da kafaɗa, suna tsokanar juna da busassun leɓuna. Yaya kuma ya ƙara da ɗan bidiyo, kowa ya faɗi sunansa da garinsu da aikin da ya yi.

Matsalar ita ce takardar wanke hoto ta ƙare mana ƙaf, tawada ma saura kaɗan. Kayan daga Yamai suke zuwa, hanyar Agadas kuwa kowa ya san yadda take cin kamiyo masu dakon kaya. Saboda haka muka riƙa ɗauka muna ajiyewa a ordinatar, muna yi wa mutane alkawari kafin Sallah. Waɗanda tafiya ta kama su suka bar sunan wanda zai karɓar musu. Na ce wa Yaya mu riƙa tura wa masu babbar waya nasu, ya ce a'a, ba ya ba mutum hoto ɗanye, sai ya gyara haske ya rubuta suna a ƙasa. Katin kyamara biyu gare mu, kullum da yamma sai a juye su a share don aikin gobe.

Yaya bai damu ba, don ya yarda da injinsa. A kasuwar tsofaffin kayan ofis ya tsinci ƙananan faifai biyar na zamani, waɗanda ba sa juyawa, masu suna SSD, ya ɗaure su da tsarin cikin ordinatar suka zama kamar faifai ɗaya babba. Ya sha yi mini bayani har na haddace. Duk abin da aka ajiye ana yanka shi a raba wa huɗu, na biyar kuma ya riƙe jimlar lissafinsu, suna karɓa-karɓa. In ɗaya ya mutu, sauran su duba jimla su fitar da abin da ya ɓace. Ya ce haka ake yi a rami, ba a taɓa dogara da fanka ɗaya, kullum akwai ta jiran ko-ta-kwana. In yana wannan zance fuskarsa har haske take yi, ni kuwa in ce masa to malam, mun ji, a zo a ɗauki mutane.

Wuri ya cike a ordinatar, sai muka share tarin bidiyon bukukuwan da masu su suka riga suka karɓa. Wuri ya samu, amma inji ya kama nauyi. Juye kati ɗaya sai ya ci mana rabin hantsi, dattawa na tsaye a rana da azumi a baki. Wata rana wani tsoho ya sulale a layi, aka kwantar da shi a inuwar shagon tela ana yi masa fifita, ya ƙi karya azumin kuma ya ƙi barin layinsa. Abin ya taɓa Yaya ƙwarai. Ya zauna da wayarsa yana bincike, ya gano cewa irin wannan faifai, in ka share abu, shi bai san ka share ba. Yana nan yana tattalin tarkacen kamar kaya mai amfani, yana kwashe shi daga nan zuwa can kafin ya samu inda zai rubuta sabo. Sai an aika masa da saƙo an ce wuri kaza babu kowa, ka watsar, sa'an nan yake sakin jiki. Tsarin da ya ɗaure faifan biyar kuwa ya toshe wannan saƙo, ba ya barinsa ya wuce. Akwai wani wuri da mutum zai buɗe da hannunsa, amma sai ya shaida cewa faifansa masu gaskiya ne, wato duk inda aka watsar, in an tambaye su za su ce babu komai.

Na tuna ya juyo ya dube ni yana murmushi, ya ce inji na neman ya rantse masa da azumi a bakinsa. Wanda ya sayar masa ya ce faifan ofis ne masu kyau, shi ma ya gwada ɗaya ya ga ya amsa daidai. Ya shaida, ya buɗe. Ai kuwa inji ya tashi da gudu, layi ya riƙa tafiya, kafin azahar mun sallami kowa. Dattawa suka yi ta sa masa albarka. Inna ta ji labari ta ƙara masa ƙosai a kwano, ta ce ashe dai zama ya yi. Ni ma a ranar na yi barci da daɗi, na fara tunanin inda za mu ƙara rumfa.

A goman ƙarshe kuran ya riƙa wasa da mu, a kawo a ɗauke, wai injinan tashar wuta ta Anu Araren ma zafin ya dame su. Muna jiƙa buhu mu rataya a taga don iskar da ke shiga wurin inji ta ɗan yi sanyi. Wata azahar wuta ta dawo da ƙarfi, inji ya yi wani ɗan kuka, faifai ɗaya ya tafi. Yaya ko a jikinsa. Ya ce ai saboda irin ranar nan aka haɗa biyar. Kamar an shirya, washegari da safe kamiyo ya iso da kwalin takarda da tawada. Na share shago, na goge injin wanke hoto, na zauna kusa da shi, ya buɗe hoton farko.

Kaski ne ya fito, da fitilarsa, da goshin mutum. Daga gira zuwa ƙasa toka ce zalla, sai wasu layuka kore da ja. Ya buɗe na biyu, haka. Na uku ya ƙi buɗuwa sam. Ya koma kan tsofaffin hotunan biki da suka rage tun bara, ga amare nan tas da su, ko ɗigo babu. Ya dawo kan na mutanen rami, nan da can a samu mai lafiya, amma yawanci a lalace, wasu jakunkunan ajiyar hotunan ma ko sunansu babu. Bidiyon kuwa mutum zai buɗe baki ya ce sunana, sai hoto ya daskare. Ina jin yadda numfashin Yaya ya canza. Ni kuwa na fita bayan shago na tsuguna.

Muka kira Aghali, wani Buzun Iferwan da ya yi shekaru yana kula da ordinatocin ofis, abokin Yaya ne tun makaranta. Ya zo da rawaninsa a jiƙe, ya zauna ya yi ta dubawa har la'asar ta gota. Hausarsa irin ta mutanen Ayar ce, ni yakan ce mini kai, faifai kuma ya ce masa ita, kullum ina tsokanarsa a kai, amma ranar ban iya ba. Ya yi mana bayani a hankali. Ya ce ba duk faifai ne ke amsa babu komai a inda aka watsar ba. Wasu sukan amsa da duk abin da ya zo bakinsu, yau wannan gobe wancan, kuma cikin biyar ɗin nan akwai irinsu. Shi kuma tsarin, in zai rubuta ɗan abu, ba kullum yake sake lissafi daga tushe ba, sau da yawa tsohuwar jimla yake ɗauka ya rage ya ƙara. To a wurin da aka share, tsohuwar jimlar ta riga ta zama shirme, duk abin da aka ɗora a kanta shirme ne. Muddin biyar ɗin na raye ba wanda ke tambayar jimla, shi ya sa komai yake buɗuwa lafiya. Ranar da ɗaya ya mutu aka koma kanta, sai ta ba da abin da take da shi. Tsofaffin hotuna an rubuta su kafin shara, jimlarsu daidai take. Na mutanen rami kuwa a kan sharar aka zuba su.

Yaya ya tambaye shi ko akwai dabara. Aghali ya ce in da mataccen faifan zai farfaɗo ko na ɗan lokaci ne, da an kwashe komai, don kayan da ke cikinsa lafiya suke. Suka gwada duk abin da suka sani, har cikin firijin maƙwabciya suka sa shi a leda. Bai ko motsa ba. Aghali ya dafa kafaɗarsa ya ce, “Mutari, kai tausayi ka ji. Ni ma da ni ne a gaban tsofaffin nan, wataƙila in buɗe.” Aka kira magariba muna zaune, na miƙa wa Yaya dabino, ya riƙe shi a hannu har na gama shan ruwana.

Na so a ce mutane sun zo sun zage mu. Wallahi na shirya, da na samu wanda zan yi wa masifa da na ji sanyi. Ba wanda ya ɗaga murya. Waɗanda ke gari muka sake ɗaukar su ɗaya-ɗaya muka wanke musu nan take, suka yi godiya suka tafi. Amma rabin mutanen sun riga sun watse, wasu Maraɗi, wasu Tawa, wasu cikin duwatsun Ayar, ekip kuwa ba ta ƙara haɗuwa. Matan da aka bar wa saƙo sukan zo su tsaya a bakin ƙofa, in yi musu bayani, su ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, su juya. Duk wadda ta juya sai in ga Yaya ya ƙara shigewa cikin kujera.

Baba Garba ya zo ana jibi Sallah, motarsu za ta tashi bayan idi. Yaya ya miƙe zai fara ba shi haƙuri, ya ɗaga masa hannu, ya ce a nuna masa na ekip ɗinsu yadda yake. Na buɗe. Layin kawuna ne kawai, huluna da rawuna da goshi, sauran duk toka. Tsohon ya matso da fuskarsa dab da gilashi, ya ɗora yatsa, ya fara kiran suna. Wannan hular Isufu ce, kullum a karkace. Wannan sanƙon na Hamma ne. Wannan rawanin Alhusaini ne, shi ya ja ni waje ranar da dutse ya faɗo. Haka ya bi su har ƙarshe, bai tsallake kowa ba, har da Yaya a gefe. Sa'an nan ya ce, “Ɗiyata, wanke mini shi hakanan. Ni na san su.” Na wanke, na sa a leda, ya karɓa da hannu biyu. Da na waiga Yaya ba ya cikin shagon.

Na san na yi ƙoƙari. Na ce masa aiki bai tsaya ba, ga takarda ta zo, ga Sallah, mutane za su zo hoto. Na yi masa faɗa, na yi masa kuka, na ce alkawarin da ya yi wa Inna a kan shago ne, shago kuma ga shi a buɗe. Ya ce Ramatu, shekara nawa mutanen nan suna shaƙar iskar da na tura musu ba su taɓa tambayata ko fanka za ta tsaya ba, abu ɗaya suka ba ni ajiya a bayan ƙasa. Ya ce ba ya iya zama a kujerar nan matan mutane suna zuwa suna yi masa addu'a. Ranar Sallah ya je idi, ya ci tuwon Inna, ya gyara mata ƙofar ɗaki da ta daɗe tana ciza. Inna ta dube shi yana ɗaure ƙusa, ta tashi ta shiga ɗaki, don ta gane.

Bayan Sallah da 'yan kwanaki na raka shi tashar motocin arewa da sassafe. Motar buɗaɗɗiya ce, an ɗaure jarkoki a jikinta, samari sun cika ta sun rufe fuska. Ya ba ni makullin shago, ya ce kada in ƙara share kati sai takarda ta fita a hannun mai ita. Ya hau ya zauna a kan buhu. Na ciro wayata na ɗaga, ya girgiza kai, ya ce, “Bari, sai na dawo.” Na mayar da ita jaka, don ban saba yi masa musu a gaban mutane ba.

Shekarar farko yana kira in ya samu hawa dutse inda waya ke kamawa. A ta biyu kiran ya yi nisa, daga nan ya ɗauke. Mun tambayi duk direban da ya sauko daga arewa, wani ya ce ya gan shi, wani ya ce ba shi ba ne. Ba wanda ya kawo mana labarin rasuwa, ba wanda ya kawo na rai. Inna har yau ba ta yarda a yi masa sadaka ba, ni kuma ban iya ce mata a yi ba.